Ranar da Mal-sun Ta Ji Kukan Kifi

Shekara talatin da ɗaya Pyo Mal-sun ta yi tana feɗe kifin mineo a bakin gaɓar tsibirinmu na Imja, ba ta taɓa jin kukansa ba. Matacce ake kawo mata shi, wani tsawonsa ya fi hannun babban mutum. Ta tsaga cikin, ta zaro farar jakar iskar, ta yayyanka wa masu ci da gishiri da man riɗi. A zamanin ƙuruciyarta mace ba ta taka jirgin masunta, wai tana korar kifi.

Mijinta, Gwak Deok-bae, shi ne mai sauraro. Idan zafi ya kama, kifi ya shigo yin ƙwai, sai ya kashe inji, ya zura doguwar gora mai rami cikin ruwa, ya kafa kunne a ɗaya bakin. Inda ya nuna, nan ake zuba taru. Amma ƙarar inji ta yi ta cin kunnensa a hankali, bai gaya wa kowa ba. Wata shekara ya yi sati biyu yana dawowa da jirgi wayam.

"Baban Hye-ran," in ji ta, tana zuba masa shinkafa, "gorar ce ta toshe ko kai?"

"Kifin ne suka yi shiru bana."

"Ni ma shirun na yi ɗazu, da na kira ka sau uku?"

Ya jawo kwanon ya fara ci. Da safe ya ajiye mata takalmin roba a bakin ƙofa. "Sa, tsohuwa. Bakinki dai na san yana aiki. Bari mu gwada kunnen."

Kafin su kai inda ruwa ya yi zurfi ta yi amai sau biyu. Ya kashe inji, ya miƙa mata gorar. Da farko ba ta ji komai ba sai ɓulɓul ɗin ruwa. Can ƙasa sai ta ji wani abu ya ce buuk, wani ya amsa daga nesa. Kafin ta ja numfashi sun zama ɗaruruwa, kamar kwaɗi a gonar shinkafa bayan ruwan farko, sai dai wannan ya fi kauri, har gorar tana rawa a ƙashin kumatunta. Tun haihuwarta take kallon wannan teku tana zaton bebiya ce.

"Kin ji su?"

Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

"Tsohuwa, ruwa zai juya."

"Bari su gama."

"Ba sa gamawa sai ƙarshen wata. Nuna min."

Ta nuna gabas, suka zuba taru.

Na farkon da suka jawo ya faɗi a kan katako yana kukansa, Mal-sun kuwa ta lura ba daga baki yake fitowa ba. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a cikinsa, ta ji yana kakkarwa da sauri kamar fatar ganga da aka buga. Sai ta kamo hannun mijinta ta danna a wurin. Deok-bae ya daɗe a tsugune, bai ɗauke hannun ba sai da kifin ya daina motsi.

A gaɓa ta feɗe shi a hankali. Ga jakar iskar, ga jajayen tsoka guda biyu kwance a jikin bangon cikin, dama da hagu, sun rungume ta. Ta yanke irinsu sau dubbai ba ta tsaya ta duba ba. Ta sa yatsa ta ja ɗaya ta saki.

"Waɗannan ke tsukewa su saki, jakar ta amsa," ta ce masa da ƙarfi a kunne. "Makaɗin da gangar duk a ciki suke."

"Ni da na yi shekara arba'in ina ji, ban sani ba."

"Ai ba ka taɓa riƙe wuƙa ba, sai cokali."

Zafi goma sha ɗaya suka fita tare, ita a kan gora, shi a kan taru. Mazan da suka yi tsegumi da farko suka koma bin jirginsu a baya. Da Deok-bae ya rasu, 'yarsu Hye-ran ta so ta ɗauke ta zuwa birnin Mokpo, ta ƙi. Ta sayar da jirgin ga wani maƙwabci, da sharaɗin duk shekara zai fita da ita sau ɗaya a tsakiyar zafi. Bara ma ya kai ta, tana da shekara tamanin da biyu, sai da mutum biyu suka riƙe ta ta hau.