Alkyabbar Madam Siranush

Ni dai ba na ɓoye sana'ata. Finafinan batsa na yi, shekara shida, a Chatsworth, kusa da Hollywood. Mai tofar da yawu ya tofar, dama ba labarina zan bayar ba. Na Madam Siranush ne, telar kamfaninmu.

'Yar Armeniya ce, gajera kamar turmi, bakinta kullum cike da allurai. Shekara ashirin da biyu tana yi wa manyan taurarin Hollywood ɗinki, rana ɗaya aka rufe sashensu aka sallame su. Mu muka tsince ta. Lokacin kamfaninmu na ji da kansa. Duk babban fim ɗin da ya fito a sinima sai mun yi namu na kwaikwayo, da fada, da sojoji, da takubba, har da labari, wallahi.

Ranar da ta fara gwada ni ta ce, "Miƙe, 'yar nan. Kin tsaya kamar kazar da ruwa ya doka."

Na ce, "Haba Mama, rigar da minti biyu za ta yi a jikina?"

Ta zare allura daga baki. "Su can Hollywood, bayan riga kawai kyamara ke gani. Ku nan, riga ƙasa take faɗuwa, cikinta a waje. Asirin wa zai tonu? Nawa."

Shi ya sa kowace riga sai ta yi mata shafi na siliki, ta bi shi da hannu. Ta ɓoye 'yan maɓallai a kafaɗa, taɓawa ɗaya rigar ta zube kamar ruwa. Ni ko maɓalli ban iya ɗinkewa ba, sai in zauna ina kallon yatsunta baki buɗe.

Sai intanet ta zo ta cinye mana kasuwa. Wa zai sayi faifai ga na banza a waya? Aka sallami kafintoci, aka sallami marubucin. Aka ce babban fim ɗaya ya rage, na wata sarauniyar macizai, daga shi kowa ya kama gabansa. Ni ce sarauniyar.

Sati bakwai Mama tana kan ɗinkin alkyabbar da sarauniyar za ta sauko bene da ita. 'Yan ƙyalƙyali kore da ruwan zinariya, ɗaya bayan ɗaya ta jera su kamar fatar maciji, jelar ta kai taku goma. Ta san ita ce ta ƙarshe, ba wanda zai sake ba ta irin aikin.

Ranar ɗauka, a wani gidan bene da aka aro mana, darakta Duane ya shigo yana cin biredi da nama.

"Saukowa daga bene an soke. Daga ɗaki za mu fara. Ba mai kallon tufafi yanzu, wucewa suke yi."

Mama ta fara ninke alkyabbar. Nan raina ya ɓaci.

Na ce, "Duane, in ba alkyabba, ba sarauniya. Ga gashin sarauniyar can, ɗora a sanƙonka ka shiga ɗakin da kanka."

Masu fitila suka kwashe da dariya.

"Lorna, kar ki kawo min iskanci. Ƙarfe biyar masu gida za su kore mu."

"To kana ɓata lokaci, ango."

Ya harare ni, ya haɗiye lomarsa. "Ɗauka ɗaya. Kika yi tuntuɓe, shi ke nan."

Aka saka min alkyabbar, abin da nauyi kamar na goyi mutum. A saman bene Mama ta gyara min wuya, ta ce, "Kar ki kalli ƙafarki. Alkyabbar ta san hanya, bi ta kawai."

Na fara saukowa. Jama'a! Fitila na dukanta sai ta tashi da rai. Ina jin jelar tana bin matakala a bayana, suuu, tana lanƙwasa da kanta a kwanar bene. Mutum goma sha biyar a falon nan, mutanen da ba abin da ba su gani ba a duniya, ko tari babu. Na iso ƙasa na tsaya. Duane ya manta bai ce a yanke ba, har sai da mai kyamara ya zungure shi.

Ya share maiƙon bakinsa, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Madam, zo ki gani."

"Shekara tara ina nan ban taɓa leƙa akwatin duba hoton nan naku ba."

"Yau dai ki leƙa."

Ta zo, ta sa tabarau, ta kalla har ƙarshe. Ta ce, "Gefen hagu ya ɗan ɗage." Ta matso kusa da akwatin. "Maido min in sake gani."

Sau uku aka maido mata, agogo na tafiya, Duane kuwa ya ƙyale ta. Da ta gama ya ce ko daƙiƙa ɗaya ba zai cire ba, da shi ma za a buɗe fim ɗin.

Ta rataya jakarta, ta ja min kumatu har sai da na yi ƙara. "Sauran aikin naku ne," in ji ta, ta fita tarar motar unguwarsu, Glendale.