Zanen da Sallau Ya Aika wa Inna

Cikin 'yan lakwal, wato makarantar boko, ta Dogon Dutsi da suka ci jarrabawar shiga kwaleji a Yamai a shekarar 1953, akwai Sallau, ɗan wani manomi a Ɗan Kassari. Siriri ne, da tsagen Arawa daga baki har kunne, ga yawan dariya, kuma ko gyaɗa guda ya samu sai ya fasa ta biyu ya nemi wanda zai ba. Uwarsa Habsatu, wadda ta yi kwana uku tana kuka lokacin da aka rubuta shi lakwal, ita ce yanzu ta sa aka raka shi da kalangu har bakin kamiyo, wato babbar motar Jibo direba.

Yamai ta cika masa ido. Da ya ga kogi sai ya tsaya baki buɗe, shi da ya saba jan guga gaba ashirin kafin ya ga ruwa. A kwaleji kuwa aka ba shi gadon ƙarfe shi kaɗai, da kaki, da takalmi, da cokali, da zannuwan gado biyu farare tas. A kusurwar kowane an ɗinka lambarsa da jan zare, arba'in da bakwai.

Nan fa Sallau ya zauna ya yi lissafinsa na Ba'are. Mutum ɗaya, gado ɗaya, me zai yi da zane biyu? A garinsu, abin da yaro ya fara samu da guminsa ba ya taɓa shi sai ya kai wa iyaye sun sa albarka. Ya ce a ransa, ashe Nasara ma ya san ya kamata, na biyun nan ai na Inna ne. Ya ninke shi tsaf, ya kai wa Jibo tasha, ya dawo yana tafe kamar wanda ya aika da raƙumi.

Rashin sani ya fi dare duhu. Wata Asabar aka ce kowa ya kai zanen da ke gadonsa wanki, ya shimfiɗa na biyun. Surbeyan, wato mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai, wani dogon Bafillace ne mai suna Mahamadu. Yana bin gadaje ɗaya bayan ɗaya har ya zo na Sallau, ya tarar da katifa tsirara.

"Ina na biyun?"

"Shina Ɗan Kassari, mushe," in ji Sallau, har da fara'arsa, don mushe ake kiran malamai da Faransanci. "Na aika ma Inna."

Ɗaki ya ɓarke da dariya, amma Mahamadu bai yi ba. Ya ce dokar makaranta ita ce, wanda ya salwantar da kayanta a kai sunansa wurin diraktar, a sa shi mota ya koma gida. Sai ya dubi tsagen fuskar yaron, ya girgiza kai, don Bafillace da Ba'are abokan wasa ne tun kaka da kakanni.

"Na san wannan aikin sai Ba'are. Na ba ka sati biyu, bawana. Zane ya dawo, ko kai ka bi shi."

Sallau ya zauna a bakin gadonsa. Korar ba ta dame shi kamar komawar ba. Da wane ido zai sauka a garin da aka raka shi da kiɗa? Ya ruga tasha ya ba Jibo saƙo, ya ce don Allah Inna ta yi haƙuri ta maido da zane. Kwanakin nan ko lissafi, da yake ruwan sha a wurinsa, ya ƙi shiga kansa.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, sai ga Jibo a ƙofar kwaleji da ƙunshi da ɗan kwano a rufe.

"Innarka na gaishe ka. Zane kam ya daɗe da shiga marina, ya hito shuɗi. Ran kasuwa ta ɗamra shi, mata sunka yi ta zuwa gani. Ta ce kyauta ba ta komawa, amma yaba kyauta tukuici. Ga wanga, a ba mai gidan lakwal."

Sallau ya kwance ƙunshin. Gwado ne, wanda Inna ta yi shekara uku tana kaɗin zarensa, ta ajiye don ranar aurensa. Kwanon kuma man shanu ne. Ya kwashe su ya kai wa surbeyan, ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, bai rage ko kalma ba.

Mahamadu ya warware gwadon, ya murza bakinsa da yatsa. Shi ma ai mace ta haife shi. Can ya ce doka ta ce abu biyu a kowane gado, bai ga inda ta faɗi wanda zai saƙa su ba. Ya sa a ɗinka wa gwadon lamba. Da ya buɗe kwanon kuwa sai dariya ta ƙwace masa.

"Yau Ba'are ne ke ba Bafillace man shanu? Duniya ta zo ƙarshe."

"Ai bara kuka saba, mushe," in ji Sallau, da ya ji ransa ya dawo. "Yau an ba ku."

Da sanyi ya shigo, waɗanda suka yi masa dariya su ne masu roƙon ya ara musu gefen gwado, shi kuwa ba ya hanawa. Ya yi shekarunsa huɗu lafiya, daga baya ya zama malamin lakwal a Tibiri.

Amma abin da ya fi tunawa shi ne hutun farko. Ya tarar da Inna a tsakar gida da shuɗin zanenta, maƙwabta sun cika wurin. Ta jawo kusurwar zanen, inda rini ya rufe jan zaren amma bai shafe ɗinkin ba, ta nuna musu.

"Ku diba, ga sunan Sallau da rubutun Nasara."

Sallau ya buɗe baki zai ce lamba ce kawai, sai ya ga fuskarta, ya fasa. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Bai taɓa gyara mata ba. Har lokacin da tsufa ya ɗauke mata gani, in ya daɗe bai zo gida ba, sai ta laluba kusurwar zanen da babban yatsa, ta ce bari ta karanta ɗanta.