Minsharin Nehemiya

A unguwar Wambai kowa ya san Rifkatu mai doya, wadda ba ta raga wa kowa a ciniki, ko da fasto ne. Iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo, amma a Suleja ta buɗe ido, a nan kuma ta auri Nehemiya mai walda. Gwani ne na gaske. Ƙofar da ya haɗa, sai dai ɓarawo ya haura katanga.

Mota ce ta buge shi a hanyar Tafa, ƙafa ta karye. A asibiti aka riƙa yi masa allurar kashe zafi. Ƙafa ta warke, allura ta samu wurin zama. Tun yana zuwa kemis ana yi masa, har ya koyi soka wa kansa. Cinyoyinsa suka yi tauri kamar itace, gyambo ya fito. Ranar da bai samu ba kuwa, ba mai runtsawa a gidan.

Rifkatu ta yi faɗa, ta yi azumi, ta ɓoye sirinji, duk a banza. Tsoronta ɗaya ne, kada allurar nan ta bar ta da marayu. Sai wata abokiyar kasuwa ta ce ta sayo masa ƙwayar barci, wai mai barci ba ya tuna allura. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta sayo, tana ba shi da hannunta. Ba ta san bai daina sokawar ba, kuma ba wanda ya gaya mata cewa in biyun suka haɗu, numfashi suke dannewa.

Wata Lahadi da safe ta same shi yana wani minshari mai nauyi. Ta girgiza shi, bai motsa ba. Daɗi ya kama ta, Allah ya sani. Ta ja ƙofa ta tafi coci, har ta miƙe ta ba da shaida cewa maigidanta ya samu barci. Aka tafa mata.

Da ta dawo, minsharin ya tsaya, leɓunansa sun yi baƙi. Maƙwabcinsu Ladan ya ɗauke su a kekensa mai ƙafa uku zuwa asibiti, amma rai ya riga ya yi halinsa. Da nas ta ji yadda aka yi, ta ce wannan minsharin ba na barci ba ne, kuma da an kawo shi tun da safen, wataƙila da an ceto shi.

Rifkatu ta dube ta, ta ce, "Sista, ni fa har yara na hana wasa a tsakar gida, don kada su tashe shi."