Lambar Malamin Gona a Hannun Ɓarawo

Ko nan da shekara nawa, safiyar da aka sace wayar malamin gonarmu ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, wata ƙungiyar manoma a Makarfi ta ba ni aikin gina mata shafin intanet. Kowane amfanin gona da nasa shafin: rake, masara, dawa, tumatir, barkono, ga na cututtuka da na taki. A ƙasan kowanne akwai lambar malamin gona, don mai tambaya ya kira.

Da farko kwafa nake yi ina liƙawa, shafi bayan shafi. Wata da muka yi makaranta tare ta duba aikin, ta ce in rushe, in yi uwar shafi guda, wadda muke ce wa tamfilet, in zuba kai da ƙasa da lambar waya a ciki, sauran shafukan su riƙa ɗauka daga can. Kwana uku na yi ina gyaran ina ƙunƙuni. A ganina a lokacin, iyayi ne kawai.

Bayan wata biyu, sai ga shugaban ƙungiyar a shagona, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Ya ce an zare wayar malamin a kasuwa, kuma ɓarawon yana amsa kira da sunansa. Har ya ce wa wani dattijo daga Likoro ya turo kuɗin iri. Allah ya taimaka dattijon ya yi shakka, ya bugo wa shugaba. Ga shi damina ta kawo kai, kowa kira yake yi.

"Kwana nawa za ka ɗauka ka cire lambar nan daga ko'ina?" ya tambaye ni.

"Baba, zauna ka sha ruwa," na ce.

Na buɗe tamfilet, na sa sabuwar lamba, na ƙara gargaɗi da jan rubutu a sama. Ya ciro wayarsa ya buɗe shafin rake, sannan na barkono, sannan na taki, bai yarda ba sai da ya bi su duka. Can ya cire hula ya share goshi, ya yi hamdala. Ba mu ji wanda aka cuta ba.

Tun daga ranar na gane cewa duk abin da za a maimaita a wurare da yawa, a ajiye shi wuri ɗaya. Ranar da matsala ta zo, ba za ta ba ka lokacin bin shafuka ɗaya bayan ɗaya ba.