Taƙin Vernell a Rigar Kanti

Duk wanda ya ce maka kishi na tsufa tare da mai shi, bai zauna benci ɗaya da Vernell Pettigrew a coci ba. Ni Ozella shekara arba'in da ɗoriya ina zama a gefenta, na san tsakinta kamar yadda na san tarin marigayi mijina.

A gonar auduga aka haife ta, nan bayan garinmu a yammacin Tennessee, ta bakwai cikin 'ya'ya tara. Da buhunan fulawa uwarsu ke yi musu riguna, irin na da masu furanni a jiki. Ran da aka fara kai ta makaranta wata yarinya ta zo da rigar kanti. Vernell ta wuni tana bin ta da ido, da aka tashi yarinyar ta tsinci kanta cikin kududdufi. Har yau in ka tambaye ta sai ta ce santsi ne.

Da ta girma ta shiga masana'antar wanduna, shekara ashirin da shida tana kafa aljihu, har ran da aka rufe wurin aka kwashe kekunan ɗinkin zuwa wata ƙasa. Ta dawo gida ta girke nata keken kusa da tagar ɗakin cin abinci. Rigunan mawaƙan cocinmu duk aikinta ne, haka na amare, haka na waɗanda za a kai makwanci. Ni kaina ta buɗa min siket ya fi sau goma, kuma kowane karo sai ta faɗi inci nawa ta ƙara, a gaban mutane.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi. Ranar buɗe makaranta, duk wanda ya fito daga tsatsonta da ɗinkinta yake fita, a tsayar da shi a baranda a ɗauke shi hoto. 'Ya'ya huɗu, jikoki bakwai, ba wanda ya tsira. Yanzu duk sun girma sun watsu, saura Nyla, 'yar ɗanta Curtis, mai shekara goma sha ɗaya, wadda za ta shiga aji shida.

Ana nan sai ga Claudette, uwar matar Curtis. Ta yi ritaya daga gidan waya a Memphis ta tattaro ta dawo kusa da 'yarta, da jar mota da farata kamar na shaho. Saukarta ke da wuya ta kafa doka: kada jika ya kira ta kaka, a ce mata Gigi.

"Gigi?" in ji Vernell. "Ai da muna yara sunan akuyarmu ke nan."

Ba su taɓa yin akuya ba.

Kwanaki ukun nan na ƙarshen Yuli da jiha ke ɗage haraji a kan sutura saboda komawa makaranta, Vernell ba ta taɓa leƙa kanti a cikinsu ba. Cewa take bikin malalata ne, waɗanda ba su san ta inda ake zura zare a allura ba. To bana, saura mako guda, muna cin soyayyiyar tarwaɗa a harabar coci, sai Claudette ta ɗaga murya yadda har fasto zai ji.

"Ran Asabar ni da 'yar lelena sai kantunan birnin Jackson. Ta zaɓi abin da ranta ke so."

"Ai na riga na auna ta," in ji Vernell.

Nyla ta sunkuyar da kai tana juya cokali. "Kaka, 'yan aji shida fa ba sa sa ɗinkin gida."

Vernell ta miƙe ta bar teburin. Daga baya ta ce min ƙaya ce ta maƙale mata. Kifin nan tun a kanti aka zare masa ƙaya.

Asabar da sassafe ta buga min waya. "Sista Ozella, tayar da akwalar motar nan taki. Yadi zan sayo a Jackson."

"Yadi? Ke da ɗakinki ya fi kanti yadi?"

"Na ce ki ƙirga min kayan ɗakina ne?"

Muka tafi. Kantin ya cika maƙil, uwaye na ture juna da kwanduna, yara na kuka, wani uba ya samu kwali ya zauna ya sallama wa duniya. Vernell ta wuce can ƙurya ta sa aka yanko mata yadi uku na shuɗi, ta haɗa da zare da zif. Da muka iso wurin biya ta ƙura wa allon ido.

"'Yan mata, wannan na ƙasa fa?"

"Haraji ne, Mama," in ji mai karɓar kuɗin, tana taunar cingam.

"Ba yau aka ce babu shi ba?"

"A kan sutura ne. Yadi da zare da zif ba sa ciki."

"Yadi ba sutura ba ne? To ita suturar da me ake yin ta, da ganyen kabeji?"

"Ni dai abin da na'ura ta nuna min ke nan."

"Wato wadda ta zauna ta ɗinka a ci ta tara, wadda ta miƙa hannu ta ciro a rataye a ba ta tukwici." Ta tura mata kayan. "Riƙe abinki. In kin ga gwamna ki ce ina gaishe shi."

Juyowar da za mu yi, sai ga Nyla ta fito daga ɗakin gwaji cikin wata riga ruwan ɗorawa mai ƙananan furanni shuɗɗa. Ta yi juyi gaban madubi, ta ruga ta rungume Claudette. Vernell ta ja ni za mu wuce, amma Claudette ta riga ta hango mu.

"A'a, Sista Vernell!" in ji Claudette. "Ashe ke ma kina zuwa bikin namu?"

"Ɓatan hanya ne." Ta kama gefen rigar ta juyo cikinta, ta bi ɗinkin da ido kamar likita na duba gyambo. "Inji ya yi iya ƙoƙarinsa."

Daga nan na ga idonta ya sauka inda rigar ta tsaya, ya koma kan dogayen hannuwan Nyla. Duk macen da ta raini 'ya a garinmu ta san dokar makarantar nan. Yarinya ta saki hannuwa a gefe, dole riga ta wuce kan yatsunta, in ba haka ba a kai ta ofis a ba ta wani ƙaton wandon motsa jiki ta wuni da shi ana yi mata dariya. Yatsun Nyla kuwa sun wuce rigar sarai. Claudette baƙuwa ce, ina za ta sani? Vernell ta buɗe baki, ta rufe. Na zungure ta don ta gaya musu, ta taka min ƙafa.

Maimakon ƙofa sai ta ja ni sashen manyan mata. Ta yi ta tone-tone har ta zaƙulo riga mai yadi iri ɗaya sak da ta Nyla, amma mafi girma a kantin. Da an kafa mata sanda da ta yi rumfar biki.

"Mu biyu za mu shiga, ko har da fasto?" na ce.

Ba ta kula ni ba. Ta shimfiɗa ta gaban yarinyar nan mai cingam. "Wannan sutura ce?"

"Sutura ce, Mama."

"Ba haraji?"

"Babu."

"Madalla. Yadi huɗu ke nan da ɗoriya, ga zif kyauta."

Kwana uku keke na ruri a gidanta. Ta warware ƙatuwar rigar ta fitar da ta Nyla daga cikinta, da aljihu biyu ɓoyayyu, da kwala mai zagaye, furen gaba ya haɗu da na baya kamar a haka aka saƙa. Kada na ci amanar gaskiya, ban taɓa ganin ta yi aiki irin wannan ba. Ta goge ta rataye a bayan ƙofa, ta zauna jiran Alhamis, ranar da iyaye ke kai yara su ga ajinsu a kuma karanta musu dokoki.

Alhamis da la'asar ina gidan, ba don gulma ba, tumatir na kai mata. Jar mota ta tsaya. Claudette ta shigo ba ƙwas-ƙwas ɗin takalmin nan da ta saba, Nyla na biye da ita idanu jajur, ta ƙanƙame rigar kanti a ƙirji.

"Sista Vernell, an ce ta yi gajarta. Mun riga mun cire takardar farashin da ke jikinta, ba a mayarwa, na kuma buga waya kantin sun ce wadda ta fi ta girma ta ƙare."

"Ikon Allah," in ji Vernell. "Wa zai yi zato?"

Ta tashi a hankali, tana jin daɗin kowane taku, ta ciro tata daga bayan ƙofa. Claudette ta saki baki. Nyla ta shafa kwalar, ta zura hannu a aljihun.

"Ta yi kyau, Kaka," ta ce. "Ta fi wannan kyau ma." Amma ɗaya hannun bai saki ta kantin ba, hawaye kuma suka ƙaro.

"To kukan na mene ne, 'yar nema?"

"Ita wannan ni na zaɓa. Ban taɓa zaɓar komai da kaina ba."

Vernell ta dubi rigarta, ta dubi jikarta, ta ja wani dogon tsaki da ban taɓa jin irinsa ba a shekara arba'in. Ta shimfiɗa ɗinkin kwana uku a kan tebur, ta auna taƙi ɗaya daga ƙasa, ta sa almakashi. Claudette ta ce, "Wayyo, kada ki...!" amma ina, ƙarar almakashin ta riga ta kai ƙarshe.

"Hau kujera ki saki hannuwa," ta ce wa Nyla. "Ke kuma Gigi, riƙe min allurai, in faratan za su bar ki."

Litinin da safe muka hallara a barandar Curtis. Nyla ta fito tana sheƙi, ba mai iya gane inda kanti ya tsaya Vernell ta ɗora. Claudette na ta gaya wa maƙwabta, "Kun ga abin da na saya wa 'yar lelena?" Vernell kuwa ta tasa surukarta Renita, matar Curtis, a gaba, mai ɗaukar hoton.

"Ja da baya. Ƙara ja. Daga gwiwa zuwa sama kike ɗauka, ni makauniya ce? Har takalma nake so."

Sai da Renita ta kai bakin titi aka ɗauka.

Da motar makaranta ta tafi na ce, "To, Sista, bana dai rigar kanti ta shiga hoto."

"Saman nata ne," ta ce. "Amma da ƙasan aka bar ta ta shiga aji."

Ba ta huce ba fa. Makon da ya biyo Claudette ta kawo mata wandunanta biyu a rage musu tsawo, har da kek ɗin lemo na neman sulhu. Kek ɗin mun cinye shi a ranar, ni da ita. Wandunan yau sati biyar suna rataye, wai zaren da ya dace da su ya ƙare, ita kuma ba ta shirya biyan haraji ba.