Sai Ta Ji Muryar Malam Tijjani

Shekara talatin da biyu Sista Furera ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya ta zauna mana a layinmu na Gyadi-Gyadi. A duk shekarun nan, in ji ta, ba ta taɓa yi wa mutum allura ba sai ya faɗi sunansa da bakinsa. Har gwaggonta da ta goya ta sai da ta tambaya. Tsohuwar ta wanke ta tas, sannan ta faɗa.

Wannan halin ta kwaso ta kawo kan waya. Ni Husaina, katanga ɗaya ce tsakanina da ita, don haka na fi kowa shan wa'azinta. In aka turo katin biki da sai an sauke shi kamar manhaja, sai ta ce wane irin kati ne mai neman izinin karanta saƙonninki? In aka ce ga data kyauta albarkacin azumi, a tura wa mutum goma, ta ce a goge. Gida-gida ta bi matan layin, ta sa kowacce ta saka wa WhatsApp ɗinta lambar sirri. Lambobi shidan nan da ke shigowa ta tes kuwa, ta ce ko mijinki ne ya kira ya nema, ki ce ya zo gida ya karɓa. Muka sa mata suna Kwastan, ko a jikinta.

Wata Talata da hantsi saƙo ya shigo zauren WhatsApp na unguwa daga lambar Malam Tijjani, tsohon hedimastan da ya koyar da rabin layin kafin ya koma Daurawa. Hotonsa ne, da irin sallamarsa. Wai matarsa Inna Halima tana asibiti, yau za a yi mata aiki, hannunsa ya gaza, a taimaka ta wani asusu. Har na buɗe manhajar banki sai ga Sista ta rubuta: "Kada wanda ya tura komai sai na ji muryarsa."

Raina ya ɓaci. Na leƙa ta katanga na ce, "Haba Sista! Dattijo ya danne kunya ya roƙa, ke kuma ki titsiye shi gaban jama'a?"

"Sau uku na kira layinsa, ba a ɗauka ba," in ji ta. "Ɗauko mayafinki."

Na bi ta cikin adaidaita ne don in ba Malam haƙuri a madadinta, ba don komai ba.

A tsakar gida muka tarar da Inna Halima tana tsince shinkafa, lafiyarta ƙalau. Malam yana zaure da jarida, wayarsa na ɗaki a caji. Da Sista ta bi diddigi, sai ya ce jiya da la'asar wani ya kira shi da cikakken sunansa, ya ce daga ƙungiyar 'yan fansho ne, za a yi taro ta waya, ya karanto masa lambobin da suka shigo. "Mutumin akwai ladabi," in ji Malam. "Na ji nauyin in hana shi."

Sista ta miƙa masa wayarta. Sau biyu ya karanta saƙon. Ya ce, "Mutum nawa suka ga wannan?"

"Duk mai lambarka, Malam."

Ban taɓa ganin ya ƙanƙance haka ba, na ji tausayinsa har cikin raina. Sista ba ta yi masa faɗa ba. Ta sake yin rajistar lambarsa a WhatsApp, sabuwar lamba shida ta shigo, ɓarawon ya fita. Allah ya taimaka bai riga ya kulle da tasa lambar sirrin ba. Ta saka lambar sirri, sannan ta riƙe wayar ya yi magana da muryarsa a zauren unguwa, Inna ma ta gaida mutane. Kafin nan har mutum uku sun tura kuɗi.

Malam ya ce, "Allah ya saka musu da alheri. Amma dai sun yarda zan yi bara a bainar jama'a." Ya dubi Sista. "Ke me ya hana ki yarda, Furera?"

"Ko wane ne sai na tambaya, Malam. Balle kai. Shekarar da iska ta yaye rufinka, sai da muka haɗa baki da Inna kafin ka karɓi kwano."

Ya cire tabarau ya goge idonsa da hannun riga. "Ashe ke ce kika san ni."

Ni dai ban iya ɗaga kai ba. Haƙurin da na zo ba Malam, Sista na ba a hanyar komawa.