Jan Zare Uku a Wuyan Riga

Shekara ashirin da shida yana wanki da guga a shago ɗaya, ko maɓalli bai taɓa ɓatar wa kowa ba. Shi ya sa unguwa ta manta sunansa, ta koma kiransa Ba-Ɓata. Karatunsa bai yi nisa ba, don haka allura da zare ne littafinsa: kowane gida da alamarsa a cikin wuyan riga. Mai kemis baƙin zare ɗinki biyu, direban motar asibiti shuɗi guda, Hedimasta ja guda uku a jere. Nuna masa wuyan riga kawai, zai faɗa maka mai ita har da irin zufarsa.

To, alamar nan ce ta ja masa. An fasa wani shagon kayan gini a bayan layinsu, wajen tsallake katanga waya ta kama rigar ɓarawon, ya tuɓe ya bar ta. Farar riga mai ratsin toka, da jan zare uku a wuya. Da aka ce musu alamar Hedimasta ce, 'yan sanda suka fara zuwa gidansa. Mutumin ya buɗe durowa ya fito da tasa, a goge a ninke, da jan zarenta uku. Riga ɗaya ta zama biyu ke nan. Wa ke ɗinka zaren? Sai ga su a ƙofar Ba-Ɓata, dutsen guga na hannunsa.

Ba su tsare shi ba, ba su kuma sake shi ba. Sufeton da ke binciken ya ce kada ya bar gari, ya riƙa zuwa ofis duk Alhamis ƙarfe tara. Alhamis fa! Ranar da famfon layinsu ke kawo ruwa, sau ɗaya tak a mako. Yana zaune a kan benci tun tara har azahar, ruwa na can yana zuba a bokitin wasu. Sai Sufeto ya shigo yana sakace, ya buɗe fayil kamar yau ya fara ganinsa.

"Ɗinkinka ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Na rigar Hedimasta fa?"

"Shi ma nawa ne."

"To yaya aka yi riga ta haihu?"

Nan Sufeto yake rufe fayil ya ce sai Alhamis.

Amsar kuwa tana bakin Ba-Ɓata, faɗarta ce ta fi masa ɗaci. Bara, ya bar shanya ya tafi sayen gawayi, kafin ya dawo an zare rigar Hedimasta daga igiya. Kwana uku yana zagayen kasuwa har ya samo irinta sak. Ya wanke ta sau huɗu don ta daina kama da sabuwa, ya ɗinka mata zare uku, ya kai. Hedimasta bai gane ba. Ban da matarsa, babu mahalukin da ya sani.

Ita kuwa ta gaji. "Baban yara, don Allah ka faɗa musu gaskiya ka huta."

"In ce me? Ba-Ɓata ya ɓatar, kuma ya yi musanya a ɓoye? Ke kin san da sunan nan muke ci."

"Sunan ne zai je gidan yari a madadinka? Dubi igiyarka. Mai kemis ya daina kawowa, direba ma haka. Gara a ce ka yi sakaci da a ce kai ɓarawo ne."

Ya yi tsaki ya fita. Haushi ne ya cika shi, haushin ɓarawon da bai taɓa gani ba, da na Sufeto, da na kansa. Mutum ya kwashe rayuwarsa yana fitar da dattin wasu, ga nasa ya ƙi fita.

A Alhamis ta bakwai Sufeto ya ce mako mai zuwa fayil zai wuce kotu. Ba-Ɓata ya dubi hannayensa da sabulu ya cinye, ya zayyana komai tun daga gawayi har wanki huɗu. Ya ɗauka za a ce masa tashi ka tafi. Ina! Sufeto ya rubuta a hankali, ko kai bai ɗaga ba.

"Wa ya ga an sace?"

"Ba kowa."

"Ka kawo rahoto a lokacin?"

"A'a."

"To ai wannan maganar fatar baki ce. Za mu duba. Bincike na ci gaba, sai Alhamis."

Haba jama'a! Ya tona asirin kansa da bakinsa, ko Alhamis ɗaya ba a rage masa ba. Kuma kafin ya isa gida labari ya riga shi, don kurtun da ke tsaye a bakin ƙofa ɗan layinsu ne, bakinsa ba ya riƙe magana.

Ranar Asabar da hantsi Hedimasta ya zo da ƙullin wankinsa. Shekara ashirin, daga bakin ƙofa yake jefo ƙullin ya ce, "Ba-Ɓata, ga naka," ya wuce abinsa. Ran nan ya shigo har ciki.

"Sannu da aiki, mai wanki."

"Yauwa, ranka ya daɗe. Game da rigar nan, ni dai..."

"Bar shi, ya wuce."

Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya kwance ƙullin a kan teburin guga, ya riƙa ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya, yana juya wuyan kowace ya dubi zaren, yana ƙirgawa a fili. Ba-Ɓata na tsaye yana kallo, gawayin dutsen guga na ci a banza.

"Bakwai ne, ko?" in ji Hedimasta.

"Bakwai ne, ranka ya daɗe."

Hedimasta ya zaro biro daga aljihu, ya rubuta bakwai a tafin hannunsa, sannan ya fita.